Ashur: sunan gari, sunan ƙasa, sunan abin bauta

Ranar 24 ga Yulin 2014 mayaƙan IS suka dasa nakiya a masallacin Annabi Yunus da ke gabashin Mosul a Iraƙi, suka tashe shi. Bayan an kore su daga wannan ɓangaren birnin a farkon 2017, sai aka tarar sun haƙa ramuka a ƙarƙashin tudun suna neman kayan tarihin da za su sayar. Masu bincike da suka rarrafa ciki suka ci karo da bangon wata fada, da sassaƙen bijimai masu fukafukai da kan mutum, da rubutu ɗauke da sunan Esarhaddon, sarkin Assuriya. Ashe shekara da shekaru ana salla a bisa rufin fadar mutumin da ya taɓa mulki tun daga duwatsun Iran har bakin kogin Nilu.

Yawancinmu ta hanyar Annabi Yunus (AS) muka san Ninawa, babban birnin Assuriya da wannan tudu ke cikin kufansa. Mun san mutanensa dubu ɗari ne ko fiye kamar yadda Suratus Saffat ta faɗa, mun san sun yi imani an yaye musu azaba. Wanda ya yi karatun sira kuma zai tuna Addasu, bawan nan Kirista da ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi a lambun Ɗa'ifa, da aka tambaye shi garinsu ya ce Ninawa. Daga nan sanin namu ya tsaya. Idan aka ci gaba, abin da aka saba ji shi ne Assuriyawa azzalumai ne masu tsattsauran ra'ayin addini, suna cin gari da yaƙi su tilasta wa mutane bautar gunkinsu. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, su da kansu suka sassaƙa zaluncinsu a bango. Rabi na biyun ne ban yarda da shi ba, kuma ina ganin kuskuren da ke cikinsa yana rufe mana abin da ya fi cancanta a duba.

A fara da sunan. A yammacin kogin Dijla, inda yau ake kira Kal'at Sharkat a Iraƙi, akwai wani tsauni da ya leƙo kan ruwa. Garin da aka gina a kansa sunansa Ashur. Abin bautar garin sunansa Ashur. Da garin ya yi ƙarfi ya mamaye maƙwabta, ƙasar duka aka kira ta ƙasar Ashur, wato Assuriya, mutuminta kuma Ba'ashure ko Ba'assure. A rubutun da suke yi a kan allunan yumɓu, sai da 'yar alamar da marubuci ke sakawa kusa da kalmar ake gane ko gari yake nufi, ko ƙasa, ko ubangiji. Wasu masana ma na ganin tun asali tsaunin kansa ake bauta wa, shi ya sa Ashur ya bambanta da sauran gumakan Mesofotamiya, wato yankin Iraƙi na da: ba shi da tatsuniyoyin haihuwa da aure da faɗa irin nasu. Mata da siffofi daga baya aka ara masa daga Enlil, babban abin bautar mutanen kudu. Abin bauta ne da ba shi da wani labari sai labarin garinsa.

Shi ya sa masu mulkin garin na farko, wajen shekara 1900 kafin Miladiyya, ba sa kiran kansu sarakuna. A hatiminsu cewa ake Ashur ne sarki, wane kuma mai riƙe masa. Ɗaya daga cikin laƙabansu shi ne waklum, kalmar da ta fito tushe ɗaya da wakili da muka aro daga Larabci. A lokacin Ashur garin fatake ne, ba garin mayaƙa ba. Suna ɗora kuza da yadi a kan jakuna, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa zangonsu na Kanesh a tsakiyar Turkiyya ta yau, su dawo da azurfa da zinariya. An tono allunansu fiye da 20,000 a can: wasiƙun mata masu saƙa suna ƙorafin ba a aiko musu da kuɗi ba, takardun bashi, shari'ar gado. Idan rigima ta tashi tsakanin fatake biyu a wannan baƙuwar ƙasa, a gaban wuƙar Ashur ake rantsar da su. Wato tun kafin a yi daula, abin da ke bambanta ɗan gari da baƙo shi ne da wa kake rantsuwa.

Duk shekarun da zan ambata nan gaba na kafin Miladiyya ne, sai inda na ce akasin haka.

Ko bayan Ashur-uballit na Ɗaya ya fara kiran kansa sarki a ƙarni na 14, har yana rubuta wa Fir'auna wasiƙa a matsayin tsara, ba a yar da tsohuwar maganar ba. Ranar naɗi, a haikalin Ashur, babban mai hidimar haikalin ke shelanta cewa Ashur ne sarki, Ashur ne sarki, sannan a umarci sabon sarkin ya faɗaɗa ƙasa da sandarsa. A lura da wannan da kyau. Faɗaɗa iyaka umarni ne da ake karɓa a ɗakin bauta. Yaƙin da sarki ke fita kowace shekara ibada ce, har akwai sarkin da bayan ya dawo daga yaƙi ya rubuta rahoto mai tsawo zuwa ga Ashur kansa: Sargon na Biyu ne, bayan yaƙinsa da daular Urartu a 714.

To mene ne zama Ba'assure? A nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa. Daga zamanin Tiglat-Pileser na Ɗaya an samu tarin alluna na ma'ajin haikali da ke lissafa abin da kowane lardi ke aikowa domin abincin Ashur na kullum: hatsi, zuma, riɗi, 'ya'yan itace. Kayan ba su da wani yawan da za a ce gonakin kusa da birnin ba za su iya samarwa ba. Amma ba a yarda a yi hakan ba. Dole lardin da ke nesa ya ɗoro nasa kason a jirgin ruwa ko a jaki ya kawo, a haɗa da na kowa a kwano ɗaya. Ƙarnuka bayan haka ma akwai wasiƙar da wani ma'aikacin haikali ya aika wa sarki yana jero sunayen gwamnonin da ba su kawo nasu ba. Ƙasar Ashur ita ce duk inda ke ciyar da Ashur. Wanda hannunsa ke cikin kwanon, ɗan ƙasa ne.

Jini bai shigo lissafin ba. Sarakunan ƙarni na 8, musamman Tiglat-Pileser na Uku da ya hau a 745, sun mayar da kwashe al'umma sukutum daga garinsu zuwa wani gari tsarin mulki. Sargon na Biyu ya ce ya kwashi mutum 27,290 daga Samariya. Jimlar da ke yawan biyo bayan irin wannan lissafi ita ce: na ƙidaya su cikin mutanen ƙasar Ashur, na ɗora musu haraji kamar Assuriyawa. Da Sargon ya gina sabon birninsa na Dur-Sharrukin, ya rubuta cewa ya tara mutane masu harsuna daban-daban daga kusurwa huɗu, ya sa bakinsu ya zo ɗaya, ya naɗa musu 'yan asalin Assuriya su koya musu tsoron ubangiji da sarki. Ba ina cewa abin alheri ba ne. Raba mutum da gonarsa da kabarin kakanninsa, a tasa shi gaba da iyalinsa tafiyar watanni, zalunci ne ko da an ba shi guzuri da takalmi. Amma jikan wanda aka kwaso yana iya zama mahayin karusa a rundunar sarki ko magatakarda a fada. Mahaifiyar Esarhaddon kanta sunanta Naƙi'a, suna ne na mutanen yamma, ba na Assuriyawa ba.

Har harshe ya suɓuce musu ta wannan hanya. Yawan Aramiyawan da aka kwaso ya sa Aramiyanci ya zama harshen kasuwa da na barikin soja. A sassaƙen bango za ka ga marubuta biyu tsaye suna ƙidaya ganima, ɗaya da allon yumɓu, ɗaya da fata ko takarda yana rubuta Aramiyanci. Wani jami'i daga birnin Ur ya taɓa neman izinin Sargon ya riƙa rubuto masa wasiƙa da Aramiyanci, sarki ya ƙi, ya ce ya rubuta da Akkadiyanci, harshen fada. Bai hana komai ba.

Yanzu ga tambayar tilasta addini. Idan da burinsu yaɗa bautar Ashur ne, da mun ga haikalinsa a Dimashƙa da Samariya da Memfis. Babu. Ko da aka mayar da fada birnin Kalhu, aka sake mayar da ita Ninawa, Ashur bai tashi daga tsauninsa ba, sarki ne ke zuwa wurinsa lokacin bukukuwa, kuma can ake kai gawar sarakuna da dama. Abin da suke yi wa gumakan waɗanda suka ci da yaƙi shi ne garkuwa da su. Sarki Sennakerib, mahaifin Esarhaddon, ya kwashe gumakan Larabawa daga Adumatu, wato Dumatul Jandal da ke arewacin Saudiyya a yau. Sarkinsu Haza'ilu ya zo Ninawa da kyaututtuka ya roƙi Esarhaddon, shi kuma ya sa aka gyara gumakan, aka rubuta ƙarfin Ashur da sunan sarki a jikinsu, aka mayar masa, aka ƙara masa haraji. A Littafin Sarakuna na Biyu na Baibul ma an ba da labarin cewa da baƙin da aka zaunar a Samariya suka shiga masifa, sarkin Assuriya ya sa a mayar da ɗaya daga malaman Isra'ila ya koya musu yadda ake bauta wa Ubangijin ƙasar. Mai son sauya wa mutane addini ba ya haka.

Ba su damu da abin da ke zuciyarka ba. Ka bauta wa wanda ka ga dama, muddin gaisuwar sarki na isowa a kan kari. Sai dai kafin a bar ka, za ka yi mubaya'a, kuma a nan ƙullin yake. A 672 Esarhaddon ya tara hakimai da sarakunan da ke ƙarƙashinsa suka rantse za su bi ɗansa Ashurbanifal, za su so shi kamar ransu, za su kai rahoton duk wanda suka ji yana zancen tawaye ko da ɗan'uwansu ne. Rantsuwar da sunan Ashur ake yinta da sauran gumaka, an buga mata hatimin Ashur, kuma an cika ƙarshenta da la'anoni masu tayar da tsikar jiki. A 2009 na Miladiyya an tono kwafinta a Tel Tayinat da ke kudancin Turkiyya, a can ƙuryar wani haikali, an huda allon yadda za a kafa shi a riƙa gani. Daga ranar da ka yi wannan rantsuwa, ƙin biyan haraji ya tashi daga rigimar siyasa ya koma saɓo. Kalmar da suke kiran ɗan tawaye da ita ma'anarta mai zunubi. Saboda haka idan Ashurnasirfal na Biyu ya rubuta cewa ya feɗe fatar shugabannin tawaye ya shimfiɗa a ganuwa, a wurinsa hukunci ya zartar a kan wanda ya ci amanar ubangiji. Wannan sarkin ne kuma ya yi walimar kwana goma a Kalhu, ya ce ya ciyar da mutum 69,574. A ganinsa duk aiki ɗaya ne.

Abin da nake so in ce shi ne, matsalar Assuriya ba yawan addini ba ce. Matsalar ita ce an wayi gari babu ko tazarar taku ɗaya tsakanin abin da fada ke so da abin da aka ce ubangiji na so. Inda babu wannan tazara, babu wurin da mutum zai tsaya ya ce wa sarki ka yi kuskure, domin ba shi da wata hujja da zai ɗauko wadda ba ta riga ta zama ta sarki ba. Ko juyin mulki da bakin Ashur ake yinsa. Sargon, wanda hawansa a 722 ke da ayar tambaya, ya rubuta cewa Ashur ne ya tumɓuke wanda ya gabace shi saboda ya ɗora wa mutanen birnin Ashur aikin tilas.

Babila ce ta fi tona asirin wannan tsari. Assuriyawa na kallon Babila kamar yadda almajiri ke kallon garin malaminsa: rubutu, ilimin taurari, addu'o'i, duk daga can suka kwaso, suna kuma girmama Marduk abin bautar Babila. Amma Babila ta ƙi kwanciya. Bayan mutanenta sun miƙa babban ɗan Sennakerib ga Elamiyawa, mutanen kudu maso yammacin Iran, a 694, uban ya zo a 689 ya rushe birnin, ya ce ya karkato ruwa ya malale shi. Daga nan malaman fada suka shiga aiki. Aka ɗauko waƙar halitta ta Babila, inda Marduk ne ya kashe dodon teku ya tsara duniya, aka cire sunansa aka sa Ashur. Aka gina ɗakin bikin sabuwar shekara a wajen birnin Ashur irin na Babila, aka ajiye ƙasar da aka ɗebo daga kufan Babila a ciki. Shekara takwas bayan haka, a 681, ɗan Sennakerib na cikinsa ya kashe shi.

Esarhaddon, wani ɗan nasa, ya hau yana son sake gina Babila. Sai dai an riga an ce Marduk ne ya yi fushi da garinsa ya yanke masa shekara 70 yana kufai. Yaya za a yi? A lissafinsu ana rubuta 70 da alamar sittin sannan ta goma. Idan aka sauya musu wuri sai su zama goma da ɗaya, domin alamar sittin ita ce kuma alamar ɗaya. Rubutun Esarhaddon ya ce Marduk ya ji tausayi, ya juya alamomin, 70 ta koma 11. Na daɗe ina dariyar wannan dabara. Uba ya so rushewa, sama ta ce a rushe. Ɗa ya so ginawa, sama ta sake lissafi. Kowa ya ga wannan ya san wa ke riƙe da alƙalami.

Za a iya ce mini na matsa musu, na mayar da su 'yan damfara alhali sun yi imani da abin da suke yi. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, kuma ba zan kauce mata ba. Sarakunan nan tsoro suke ji na haƙiƙa. Da aka kashe Sargon a fagen yaƙi a 705 aka kasa ɗauko gawarsa, fada ta girgiza, aka yi ta bincike a gano wane zunubi ya yi, aka yi watsi da sabon birnin da ya gama ginawa. Esarhaddon kuwa rayuwarsa duka tana hannun masu duba ne. Idan wata ya yi husufi aka ce alamar mutuwar sarki ce, sai a ɗora wani a gadon mulki har zuwa kwana ɗari, sarki na gaskiya ya ɓuya ana kiransa manomi. Wa'adi na cika a kashe sarkin aro domin masifar ta bi shi. A 671 wani saurayi mai suna Damƙi da matar da aka ba shi haka suka mutu. Mutumin da ke wasa da addini ba zai bar gadonsa na wata uku ba. Amma a duba ko a nan yadda tsoron ke ƙarewa: sarki ya tsira, wani ya mutu a madadinsa. Imaninsu na gaske ne, sai dai duk ƙofar da ya buɗe, fada take kaiwa. Wannan ya fi damfara haɗari, domin ɗan damfara ya san ƙarya yake yi, wata rana yana iya jin kunya.

Ƙarshen ya zo da sauri. Ashurbanifal ya ci Tibis ta Masar, ya murƙushe tawayen ɗan'uwansa a Babila a 648, ya ƙone Susa ta Elamiyawa, ya tara ɗakin karatun da yau gutsattsarinsa kusan 30,000 ke gidan tarihin Birtaniya. Bai cika shekara ashirin da mutuwa ba Mediyawa, mutanen duwatsun Iran, suka ci birnin Ashur a 614, suka haɗu da Babilawa suka ci Ninawa a 612, ragowar rundunar ta watse a Harran wajen 609. A Kalhu masu tono sun tarar da allunan mubaya'ar 672 a farfashe a ɗaki ɗaya, kuma sunayen da ke kansu na sarakunan yankin Mediya ne. Da alama waɗanda aka rantsar ne suka zo suka nemi takardar bashin da kansu.

Bisa ga tunanin fada, ya kamata Ashur ya mutu ranar da daularsa ta mutu. Bai mutu ba. Mutane sun koma tsaunin, suka tayar da ɗan ƙaramin ɗakin bauta. A zamanin daular Fartiyawa ta Iran aka sake gina haikali a daidai gurbin tsohon, kuma Jamusawan da suka yi tono a wurin daga 1903 zuwa 1914 na Miladiyya sun samu rubuce-rubucen Aramiyanci na masu ziyara suna ambaton Ashur da abar bauta Sheru'a, da ranakun da suka yi daidai da tsoffin bukukuwa. Haka aka ci gaba har wajen 240 na Miladiyya da Sasaniyawa, sabbin masu mulkin Iran, suka rushe garin. Wato ya ƙara fiye da shekara 800 ba tare da runduna ko lardi ko haraji ba. Abin da talakan gari ke riƙe da shi ashe bai taɓa zama abin da sarki ke yawo da shi a kan mashi ba.

(Wani masanin tarihi Bajamushe, Dierk Lange, ya daɗe yana cewa 'yan gudun hijirar Assuriya ne suka kafa Kanem, yana kuma jawo labarin Bayajidda da na Kebbi cikin zancen. Galibin masana ba su karɓa ba, ni ma ban ga hujjar da ta ɗaure ba. Abin mamaki ne dai a je neman jinin kakanni wurin mutanen da su kansu ba da jini suke ƙirga ɗan ƙasa ba.)

Sunan kuwa har yau yana nan. Waɗanda ke kiran kansu Assuriyawa a arewacin Iraƙi da Siriya da kudu maso gabashin Turkiyya da Iran, da waɗanda suka watsu Sweden da Amurka da Ostareliya, Kiristoci ne tun ƙarnukan farko na Miladiyya, suna magana da rassan Aramiyancin nan da Sargon ya ƙi a rubuto masa. An yi musu kisan kiyashi a 1915 na Miladiyya, aka sake yi a Simele a Agustan 1933, IS ta kore su daga filayen Ninawa a 2014. Ba su da ƙasa tasu, ba su da Ashur, kuma a tsakaninsu ma ana jayayya ko Assuriyawa za a kira su, ko Kaldiyawa, ko Suryaniyawa. Ranar 1 ga Afrilu suna fitowa bikin sabuwar shekara da suke kira Akitu, da tsohon sunansa. Kuma kowace shekara, sati uku kafin babban azuminsu, suna azumin kwana uku, Litinin zuwa Laraba, wanda suke kira Roƙon Mutanen Ninawa, domin tunawa da ranar da garin ya saurari Annabi Yunus.